Za a iya shiga Saudiyya da bizar Umara a yi igama daga baya?

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah a Kano, mai sana'ar gyaran firji da iyakwandishan. Ya ce wani ejan ya kawo masa hanya biyu ta tafiya Saudiyya neman halal: ko ya shiga da bizar Umara, in ya sauka a gyara masa takardu a can a ba shi igama, wato katin izinin zama a ƙasar, ko ya ƙara kuɗi a sayo masa abin da ake kira firi biza, wadda zai yi aiki da ita duk inda ya ga dama. Ejan ɗin ya kuma ce akwai gurbin aikin gida ga ƙanwarsa. Yana so ya san wace hanya ce ta fi, da takardun da ya kamata ya riƙe.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyoyin nan biyu kada ka bi ko ɗaya. Na yi shekaru ina bin takardun ma'aikata baƙi a wani kamfanin gine-gine a Jidda, yau ofishin Jawazat mai kula da fasfo da izinin zama, gobe ofishin ƙwadago, kuma abin da ya fi fitowa fili a wannan aiki shi ne bizar da mutum ya shigo da ita ce ke yanke yadda zamansa zai kasance har ranar da zai fita. Duk gyaran da za a yi, a gida ake yin sa kafin a hau jirgi.

Bari in fara da Umara, tunda ita ta fi cin mutanenmu. Bizar Umara ta ibada ce, tana da wa'adi, kuma an haramta aiki da ita, ko da na kyauta ne. Babu tagar da ake zuwa a miƙa bizar Umara a karɓi igama. Igama tana fitowa ne daga bizar aiki, bizar aiki kuma ana buga ta a fasfo tun mutum yana ƙasarsa, da sunan wani kamfani ko wani mutum ɗan ƙasa da ya nemi izinin ɗauko ma'aikaci. In ma ka yi sa'a ka haɗu da mai son ɗaukarka aiki kana can, dole ka fita kafin wa'adinka ya cika, ka dawo gida, a aiko maka da biza. Duk ejan da ya ce maka yana da mutum a ciki, yana nufin ɗaya daga abu biyu: ko katin bogi za a buga maka, wanda laifinsa ya fi na zama ba takarda muni, ko kuma ya san daga ranar da ka sauka ba zai ƙara ɗaga wayarka ba.

Mutane suna ɗauka matsalar marar igama ita ce kame kawai. Kame na ƙarshe ne. Kafin shi akwai rayuwar yau da kullum. Ƙasar ta ɗaure komai a kan lambar igama da hoton yatsa, wato basma. Ba ka sayen layin waya da sunanka, ba ka buɗe asusun banki, ba ka kama hayar gida da sunanka, ba ka tura kuɗi gida sai ta hannun wani da zai yanki nasa, wani lokaci ya riƙe duka. In ciwo ya kama ka, kana tsoron asibiti. In wanda ka yi wa aikin wata uku ya ce ba zai biya ba, babu inda za ka kai ƙara, domin kai ne za a fara tambaya ina takardarka. Hukuncin wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a kore shi. Wanda aka kama a Makka ko Jidda yawanci Shumaisi ake kai shi, babban gidan tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, da ke tsakanin garuruwan biyu, kuma zaman jiran takardar tafiya da jirgi yana iya ɗaukar watanni. A Janairun 2021 gwamnatin Najeriya ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasa daga irin wannan tsare, rukunin farko mutum 384 suka sauka a Abuja. Kuma da zarar an ɗauki basmarka a tarhil, an rufe maka ƙofar ƙasar na tsawon shekaru. Canza suna ko sabon fasfo ba ya amfani, yatsa ne ke magana.

Na san abin da ke zuciyar da yawa daga cikinmu: ai kakanninmu sun tafi a ƙafa ta Chadi da Sudan, sun zauna a Makka da Madina, ga jikokinsu nan 'yan ƙasa masu amsa sunan Hausawi. Gaskiya ne, amma waɗannan sun zauna ne tun kafin a kafa wannan tsari. Waɗanda suka biyo baya ba takarda su ne ake kira takari, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a lamarinsu shi ne 'ya'yansu. Saudiyya ba ta ba da ɗan ƙasa don an haife ka a cikinta. Za ka ga saurayi an haife shi a Jidda, Larabci ne a bakinsa, bai taɓa ganin Kano ba, ba shi da takardar haihuwa, bai shiga makarantar gwamnati ba, rana ɗaya a kama shi a sauke shi a ƙasar da bai san kowa ba. Wasu kuma suna zaune ne da begen afuwa. An yi afuwa a 2013, an sake yi daga ƙarshen Maris na 2017, amma a ta 2017 abin da aka ba mutane shi ne damar fita ba tara ba ɗauri. Ba raba igama aka yi ba. Hatta a ƙofar shiga an tsaurara: a Nuwamban 2023 an soke bizar fasinjoji 177 daga cikin 264 da suka tashi daga Najeriya, aka juyo da su daga filin jirgin Jidda, hukumomin Saudiyya suka ce irin bizar da suka riƙe ba ta dace da su ba.

Firi biza kuwa ta fi yaudara, saboda da ita mutum yana samun igama ta gaske, da hotonsa da lambarsa. Sai dai a dokar Saudiyya babu wata biza mai wannan suna. Abin da ke faruwa shi ne wani ɗan ƙasa ya yi rajistar ƙaramin kamfani, sau da yawa a takarda kawai, ya samu izinin ɗauko ma'aikata, sai ya sayar da bizar ta hannun dillalai. In ka iso ya zama kafilinka a kwamfuta, wato wanda igamarka ke ƙarƙashin sunansa, ya ce je ka nemi aikinka, ka riƙa kawo mini kaza duk wata ko duk shekara. Sashe na 39 na dokar ƙwadago ya hana mai aiki ya saki ma'aikacinsa ya yi wa wani aiki, ya kuma hana ma'aikaci yi wa wani aiki ko yi wa kansa. Ke nan duk ranar da ka hau tsani kana ɗaura iyakwandishan a gidan da ba kamfanin kafilinka ya tura ka ba, a kan laifi kake, igama tana aljihunka. Masu bincike suna zuwa wuraren aiki su duba sunan da ke kan igama da sunan mai wurin, in sun saɓa, tafiya ta kama.

Yi lissafin kuɗin ma ka gani. Sabunta igamar ma'aikacin kamfani riyal 650 ne a shekara. Akwai harajin da gwamnati ta ɗora a kan kowane ma'aikaci baƙo, wanda tun 2020 ya kai riyal 700 ko 800 a wata, gwargwadon yawan 'yan ƙasa da ke kamfanin, in ban da wasu ƙananan wurare da masana'antu da aka yi wa rangwame. Ga inshorar lafiya, wadda ba a sabunta igama sai da ita. In ka haɗa, abin yana iya haura riyal 10,000 a shekara, sama da dala 2,600 ke nan tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. A doka duk wannan nauyin mai aiki ne. A firi biza kai za ka biya, ka ƙara da ladan kafili, ka biya haya da abinci, alhali babu wanda ya lamunce maka albashi ko na rana ɗaya. Akwai kuma tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011, mai auna kamfanoni da yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka. Kamfanin da ya faɗa jan layi ba ya iya sabunta izinin aikin ma'aikatansa, kuma irin waɗannan kamfanonin na takarda su ne kan gaba wajen faɗawa. Sau da yawa mutum ya tara kuɗin sabuntawa da guminsa, ya miƙa wa kafili, kafili ya ci, igama ta mutu. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Makamin da ya fi kowanne a hannun irin wannan kafili shi ne hurub, wato ya shigar da rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu daga aiki. Tun daga Oktoban 2022 an ɗan sassauta wa ma'aikatan kamfani: in mai aiki ya ba da rahoton ka daina zuwa, kana da kwana 60 ka koma wani kamfani ko ka nemi bizar fita, in suka wuce ba ka yi komai ba sai sunanka ya koma cikin waɗanda suka gudu. Matsalar ita ce mai firi biza ba ya zuwa ofishin kafilinsa, sau da yawa bai ma san an shigar da rahoton ba sai ranar da aka tsayar da shi a hanya.

To yaya hanyar gaskiya take? Tana farawa ne daga can. Kamfani ya nemi izini a Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya ta manhajar Qiwa, a ba shi lambar biza mai ɗauke da ƙasar da za a ɗauko ma'aikaci, da sana'ar, da ofishin jakadancin da zai buga ta. Daga nan ya yi wakala ta intanet ga ofishin ɗaukar ma'aikata ko ga wanda zai bi takardun a Najeriya. Saboda haka tambayarka ta farko ga ejan ita ce: ina lambar biza, mene ne sunan kamfanin da lambar rajistarsa, wace sana'a aka rubuta? Wanda yake da aiki na gaske a hannu zai nuna maka waɗannan ba gardama. Tambaya ta biyu, ina lasisinsa? A Najeriya dokar ƙwadago ta wajabta wa duk mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje ya riƙe lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Rajistar kamfanin sayar da tikiti daban, lasisin kai ma'aikata daban, kujerar Hajji da Umara kuma daban. Ma'aikatar tana da ofishi a jihohi, tana kuma da cibiyoyin wayar da kan masu tafiya aiki waje a Abuja, Legas da Benin. Ka je da ƙafarka ka tambaya ko sunan ejan ɗin yana cikin masu lasisi, kada ka tsaya ga hoton satifiket da ya turo maka ta WhatsApp.

Maganar sana'ar da aka rubuta a biza kada ka ɗauke ta da wasa. Ejan zai ce maka ai lebura aka rubuta ko direban gida don ta fi saurin fita, in ka je ka yi aikinka na sanyi. Sashe na 38 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya hana a sa ma'aikaci aikin da ba shi ne a izininsa ba. Abin da ya fi wannan, in aka rubuta maka direban gida ko ma'aikacin gida, an fitar da kai gaba ɗaya daga ƙarƙashin dokar ƙwadago an mayar da kai tsarin ma'aikatan gida, wanda haƙƙoƙinsa suka fi ƙanƙanta, kuma komawa kamfani daga can ba abu ne mai sauƙi ba. Kai mai sana'ar hannu ne, ka tsaya sai an rubuta sana'arka.

Sai kwantiragi. Doka ta ce na baƙo dole ya zama rubutacce mai wa'adi. Ta kuma ce in an rubuta shi da Larabci da wani harshe, na Larabcin ne hujja. Don haka ka kai wa wanda ya iya Larabcin takarda ya karanta maka, mai karatun jami'a ko wanda ya yi aiki a can, kuma wanda ba shi da alaƙa da ejan. Ka duba asalin albashi daban da alawus, domin kuɗin ƙarin lokaci a kan asalin albashi ake lissafa ƙarinsa. Ka duba wa ke da nauyin masauki da abinci da mota, wane gari ne wurin aikin, shekara nawa ne. Abin da doka ta tanada a matsayin mafi ƙarancin haƙƙi shi ne aikin da bai wuce awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan awa 6 ga Musulmi, hutun shekara kwana 21 da ke zama 30 bayan shekara biyar, lokacin gwaji kuma ba ya wuce kwana 180.

Sashe na 40 nake so ka haddace. Ya ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, tarar jinkirin sabuntawa, kuɗin canza sana'a, bizar fita da dawowa, da tikitin komawa gida bayan kwantiragi ya ƙare. Idan haka ne, miliyoyin da ejan ke nema na mene ne? Abin da ya dace ya fita daga aljihunka bai wuce kuɗin fasfo, gwajin lafiya, takardar shaidar 'yan sanda da zirga-zirga ba. Na san a kasuwa ba haka ake yi ba, kuma mutane suna biya. Amma yawan kuɗin da aka nema alama ce da kanta: kamfanin da ke buƙatar ma'aikaci shi ke biyan dillali, bizar da ake sayarwa ita ce ake tatsar mai tafiya. Duk abin da za ka biya, ta banki ka tura zuwa asusun kamfani, a ba ka rasit mai bayanin abin da ka biya. Kada ka sayar da gona ko shagonka kafin ka ga biza a fasfonka ka kuma tabbatar da ita a shafin biza na Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya.

Sauran takardun gida ba su da wuyar fahimta. Fasfo mai sauran rai sosai, in ya kusa mutuwa ka sabunta tun yanzu. Gwajin lafiya a asibitin da aka amince da shi kaɗai, ana duba tarin fuka, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, ga mata har da juna biyu. Kada ka yarda a saya maka sakamako, domin za a sake gwajin bayan ka sauka, wanda ya faɗi kuma ana mayar da shi gida, kuɗinsa sun tafi. Sai katin rigakafin shawara, da ɗaukar hoton yatsu. Saudiyya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Kano. Masu digiri sai an tantance takardunsu a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje sannan ɓangaren Saudiyya, likitoci da nas-nas kuma sai sun bi ta hukumar kula da ƙwararrun lafiya ta can, da tantancewar kamfanin DataFlow mai binciken takardu da jarrabawa. Kai dai ka tattara shaidar koyon sana'a da ta wuraren da ka yi aiki, kuma sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar da fayil makonni.

Ranar da ka sauka, jami'in filin jirgi zai ba ka lambar shiga ƙasa, mai lamba goma. Ka adana ta, ita ce shaidarka kafin igama ta fito. Mai aiki yana da kwana 90 ya kammala gwajin lafiya, inshora, izinin aiki da igama. Da ta fito, abu uku za ka yi da hannunka, kada ka wakilta kowa: layin waya da sunanka, asusun Absher, wato manhajar gwamnati ta harkokin igama da biza, da asusun Qiwa. Kada ka ba kowa lambobin sirrinka, ko da ma'aikacin ofishin kamfani ne ya ce zai taimaka maka. Dalili shi ne kwantiragin da kotu ta sani shi ne wanda aka ɗora a Qiwa ka danna amincewa. Nan ake yi wa mutane sauyi: a Kano an nuna maka riyal 2,000, a Qiwa an rubuta 1,200, wani ya danna maka amincewa da wayarka kana tsaye. Ka karanta, in ya saɓa da wanda ka sa wa hannu a gida ka ƙi amincewa, manhajar ta ba ka wannan damar. Albashi kuma ta banki doka ta ce a biya, ƙarƙashin tsarin kare albashi da aka fara a 2013. Kada ka sa hannu a takardar cewa ka karɓi kuɗin da ba ka karɓa ba, kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a farar takarda ko takardar bashi, komai daɗin bakin da aka yi maka.

Fasfonka naka ne. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu tun shekarar 2000, akwai tara a kai, duk da cewa har gobe ana yi. Ka ɗauki hoton fasfo, biza, igama da kwantiragi ka tura wa wani amintacce a gida. Katin igama na yanzu ba ya nuna ranar mutuwarsa, sai ka duba a Absher, kuma ka lura da lissafin Hijira, shekararsa ta gaza ta Bature da kusan kwana 11. Jinkirin sabuntawa tarar riyal 500 ne karo na farko, 1,000 karo na biyu, na uku kora. Tarar a kan mai aiki take, korar a kanka.

Za ka ji ana cewa an soke kafala, wato tsarin da ya rataya zaman baƙo a wuyan kafili. Abin da ya faru shi ne daga 14 ga Maris 2021 an sassauta ta ga ma'aikatan kamfanoni. Ma'aikaci yana iya komawa wani kamfani ba da yardar na farko ba in kwantiraginsa ya ƙare, ko bayan ya cika shekara ɗaya a ƙasar tare da ba da sanarwa. Yana iya komawa tun kafin haka in an hana shi albashi wata uku a jere, ko ba a yi masa izinin aiki cikin kwana 90 ba, ko an bar igamarsa ta mutu. Yana kuma iya neman bizar fita da dawowa ko ta fita gaba ɗaya da kansa ta Absher. Wannan ci gaba ne na gaske, na ga mutanen da ya ceta. Amma har yanzu zamanka a rataye yake da mai aiki, kuma duk waɗannan ƙofofi suna buɗuwa ne ga wanda ya shigo ta hanya, sunansa yana Qiwa. Mai bizar Umara ba shi da ko ɗaya daga ciki.

In rigima ta taso, kada ka bar wurin aiki cikin fushi. Rashin zuwa fiye da kwana 15 a jere ba uzuri yana ba mai aiki damar sallamarka ba haƙƙi. Ka shigar da ƙara ta shafin Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya, ko ka kira 19911. Ana fara zaman sulhu na kwana 21, in ya gagara a tura kotun ƙwadago, kuma kana da wata 12 daga ƙarewar aiki kafin damar shigar da ƙarar ta wuce. Bayanan asusunka na banki su ne babbar hujjarka. Ka kuma san akwai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, amma wanda ya ajiye aiki da kansa ana rage masa gwargwadon shekarunsa. Ka karɓi haƙƙinka kafin a buga maka bizar fita gaba ɗaya, wato huruj niha'i, domin daga ranar da aka buga kwana 60 gare ka ka fice, kuma bin bashi daga Kano abu ne mai wuya. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, ka san inda suke tun kana lafiya.

Maganar ƙanwarka ta fi taka nauyi a wurina, kuma ina roƙonka ka fi tsananta bincike a kanta. Sassaucin 2021 bai shafi ma'aikatan gida ba, haka direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona. Aikin gida yana da nasa tsarin, ana bin sa ta manhajar Musaned, daga maigida zuwa ofishin ɗaukar ma'aikata mai lasisi a Saudiyya zuwa ofishi mai lasisi a ƙasar da aka buɗe wa wannan hanya. A tambayi Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko hanyar a buɗe take a yanzu, kuma ejan ya nuna kwantiragin Musaned mai sunan maigidan da garinsu. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta hana ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba, ta taƙaita aiki zuwa awa 10 a rana, ta ba da hutun yini guda a mako da albashinsa, hutun wata guda bayan shekara biyu, ta kuma hana riƙe mata fasfo. Tana iya neman a sauya mata gida in an hana ta albashin wata uku, ko an ci zarafinta, ko ana tura ta aikatau gidajen wasu. A takarda duk wannan yana da kyau. Amma mai aikin gida a bayan ƙofa take, mai binciken ma'aikata ba ya shiga gidan mutane yadda yake shiga kamfani, kuma in an karɓe mata waya duk haƙƙin nan ba ta da hanyar nemansa. Idan ejan ya ce za a ƙara mata shekaru a fasfo, ko ta shiga da Umara wata hajiya ta karɓe ta a can, ko ta biya kuɗin tafiyar da albashinta na watanni, wannan safarar mutane ce, ko da mai yin ta ɗan unguwarku ne kuna sallah sahu ɗaya. Kuma ita za a tambaya ko tana so, a karanta mata kwantiragin da Hausa ta ji da kunnenta. Ku biyun kada wanda ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ƙullin magani ne, domin hukuncin ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

Idan ka riga ka ba ejan ɗin fasfo ko kafin alƙalami, ka je da shaidu biyu ka nemi lambar biza, sunan kamfani da kwafin lasisinsa, ka ba shi wa'adi a rubuce. In ya kasa kawowa, ka karɓi fasfonka da na ƙanwarka tukuna, sannan a yi maganar kuɗi. In ya ƙi sakin fasfo ko ya fara barazana, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishin shiyya a nan Kano, ka tafi da rasit ɗinka da duk saƙonnin da kuka yi ta waya.